Ranar da Inna Mas'uda Ta Mayar da Ɗan Yaye Legas

Duk magidancin da ya taɓa sayen man gyaɗa a Azare ya kai gida, matarsa ta shinshina ba ta yi mita ba, da wuya in ba daga hannun Inna Mas'uda man ya fito ba. Ta haura shekara talatin tana wannan sana'a. Da sassafe za ta hura wuta ta soya gyaɗa, a murje a sheƙe, a kai inji, a dawo mata da ita a niƙe, ta yi ta zuba ruwan zafi tana juyawa da muciya har mai ya tsatso. Tunkuzar kuma ta mulmule ta, ta soya ƙuli-ƙuli mai yaji, ta naɗe wa masu saye a kowace irin takardar da hannunta ya kai gare ta. Jikokinta sun sani, wanda ya manta littafin makarantarsa kusa da kaskon Inna, washegari sai dai ya bi gidajen maƙwabta yana tattaro aikinsa shafi-shafi, kowanne ya jiƙe da mai.

'Yar Sakwa ce, aure ya kawo ta Azare gidan Malam Hammadu mai gyaran keke, wanda Allah ya yi wa rasuwa shekara shida ke nan. Gajeriya ce siririya, amma kada jikin ya ruɗe ka. Ta taɓa bin ɓarawon akuya da muciya tun daga tsakar gida har bakin titi, ta dawo da akuyar da takalminsa ƙafa ɗaya. Bakinta kuwa ba ya shakkar kowa. In ta ga dama, mai unguwa ma sai ta wanke shi tas, sannan ta tambaye shi ya iyali. Sai dai duk kaifin bakin nan, akwai kalma biyu da bai taɓa furtawa ba: sunan mijinta, da sunan ɗanta na fari, Najmuddeen.

Haka ta tashi ta gani a gidansu. Ɗan fari na dangi ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai ta jira wani ya ɗaga shi. Matan yanzu sun daɗe da watsi da wannan kunya, wata a tsakiyar kasuwa za ka ji ta rangaɗa wa ɗan farinta kira, har tana lanƙwasa sunan don ya yi daɗi. Inna in ta ji haka sai ta ja tsaki ta gyara mayafi. Ita a wajenta Najmuddeen "wancan" ne, ko "yaron nan". In da ƙannensa take magana sai ta ce "yayanku". Da ya yi aure ya samu ƙarin girma, ya zama "mijin Husaina". Yanzu shekararsa talatin da bakwai, yana aiki a tashar jiragen ruwa a Legas, furfura har ta fara leƙo masa a gemu, amma har yau wancan ne.

Kada wani ya ɗauka ƙi ne. Duk wanda ya san gidan ya san cikin 'ya'yanta bakwai babu wanda take so kamarsa. Tsokar da ta fi kowacce girma a kwanonsa take sauka, sai dai Inna ta ce autarta Jannatu ce ta yi kuskuren zubawa. Lokacin da babur ya kaɗe shi yana ɗan shekara goma sha tara, kwana uku ta yi a gindin darbejiyar asibiti, ba ta shiga ɗakin ba, ba ta kuma koma gida ba. Duk wanda ya fito sai ta tare shi ta ce, "Ya jikin wannan na gadon bakin taga?" kamar ɗan wasu take tambaya. Shi kuma yaron ya taɓa tsare ta tana tsakiyar suya, yana ɗan shekara sha biyar, ya ce, "Inna, wai kin ma san sunana kuwa?" Ta jefe shi da ludayi. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Amma tambayar nan ta zauna mata a ƙirji shekara ashirin da biyu, don har yau ba ta tabbatar ko wasa yake yi ko da gaske yake ba.

Aminiyarta a kasuwa wata Bayerabiya ce mai sayar da kwanuka da robobi, wadda ta zo Azare tun tana amarya. Sunan 'yarta ta fari Ebunoluwa, don haka kowa Iya Ebun yake ce mata, ita kuma in an kira ta haka har fari take yi da ido don daɗi. Farkon sabonsu, wai don ta girmama Inna, ta tare ta da murna ta ce, "Sannu da zuwa, Maman Najimu!" Inna ta waiwaya bayanta, ta ga ba kowa, ta wuce abinta. Mako guda ba ta amsa gaisuwar matar nan ba. Sai da aka zaunar da Iya Ebun aka yi mata bayani, ta riƙe haɓa ta ce, "Kai, Hausawa! Ki yi naƙuda kwana biyu, ki haifi yaro, sannan ki ce ba ki san shi ba?"

To, a damunar bana ne Husaina ta kawo ɗansu Azare yaye. Sunan marigayi Malam Hammadu aka sa masa, don haka shi ma ya faɗa cikin sunayen da bakin Inna ba ya ɗauka. Ta ce Maigida, duk gida suka bi. Shekararsa ɗaya da wata bakwai a lokacin. Kwana uku ya yi yana ihu har maƙwabta suka riƙa aiko da sannu, a na huɗu ya ɗanɗana kunun gyaɗa da jiƙaƙƙen ƙuli-ƙuli, ya gane ashe duniya ba ta ƙare ba. Daga nan ya tare a bayan Inna. An ce mako biyu zai yi, ya share wata uku. Husaina kullum tana waya tana kuka, ga ƙaramin ciki da ya zo mata da laulayi, likita ya hana ta doguwar tafiya, Najmuddeen kuma an hana shi hutu a wurin aiki.

Rannan ya kira wayar Jannatu, ta buɗe murya kowa na ji, Inna na gefe tana tsince gyaɗa.

"Inna, ina wuni? Na yanki tikiti, ke za ki kawo mana shi. A jirgi. Daga Kano awa ɗaya da rabi ne kacal."

Inna ta dubi Jannatu. "Ce masa motocin sun ƙare ne?"

"Inna, ai ina jin ki. Kwana da wuni a mota da yaro, ga hanya yadda ta zama, hankalina ba zai kwanta ba."

"Ce masa ni ba shamuwa ba ce."

"Inna, Husaina ko abinci ba ta iya ci."

Inna ta ci gaba da juya gyaɗa a faifai. Can ta ce, "Ce masa yaushe ne tafiyar."

Iya Ebun ta hau jirgi har sau biyu, don haka ita ta zama malamar. Ta ce kada Inna ta kuskura ta ɗauki mai. Inna ta ce to. Ta ce in jirgi ya ɗaga kunnen yaro zai yi ciwo, sai a ba shi nono ya tsotsa. Inna ta ce a tambayo mata inda za ta samo. Sannan Iya Ebun ta kawo wadda ta fi duka. Ta ce saboda masu satar yara, duk tsohuwar da aka gani da yaron da ba ita ta haifa ba, sai an tambaye ta sunansa da sunan ubansa.

Wannan ce ta tsaya wa Inna a rai. Faɗuwar jirgi ba ta dame ta ba, ta ce in kwana ya ƙare ko a kan tabarma kake sai ka tafi. Amma a ce ta tsaya gaban baƙi, da girmanta da furfurarta, ta buɗe baki ta faɗi sunan mijinta ta ɗora da na ɗan fari, shekara talatin da bakwai na kunya su tafi a banza a bakin ƙofar jirgi? Ta ce a mayar wa masu jirgi tikitinsu. Jannatu, da yake malamar firamare ce, ita ta samo dabara. Ta yago takarda daga littafin rajista, ta rubuta sunan yaro, da sunan uba, da lambar wayarsa, da manyan baƙaƙe. Ta ce, "Inna, duk wanda ya tambaye ki, miƙa masa wannan kawai, ba sai kin ce komai ba." Inna ta juya takardar gaba da baya, ta ce yau ta ga ranar boko.

Ranar tafiya suka shiga motar farko, Jannatu ta yi mata rakiya. Kafin su haura gadar Jama'are Maigida ya yi barci, bai farka ba sai Wudil. A filin jirgi aka sa jakar Inna cikin na'ura, na'ura ta tona asiri: galan guda na man gyaɗa, an toshe bakinsa da leda, an naɗe shi cikin zannuwa uku. Inna ta ce ita ma mamaki take yadda aka yi ya shiga. Ta roƙa, ta yi faɗa, ta ce su buɗe su shinshina in sun taɓa jin irinsa a Kano. Haka Jannatu ta rungumi galan za ta koma da shi Azare. Ƙuli-ƙuli dai an bar mata, leda guda cike a cikin jakar hannu.

A ƙofar da masu rakiya ke tsayawa Jannatu ta tsaya. Inna ta wuce ita kaɗai, Maigida a baya, takarda a hannu. Wata ma'aikaciya mai kaki ta tsayar da ita. Inna ta miƙa takarda tun kafin a tambaya. Matar ta karanta, ta kife ta a kan tebur.

"Hajiya, da bakinki nake so in ji. Yaya sunan yaron?"

"Maigida."

"Sunan yanka nake nufi."

"Yana jikin takardar."

"Na gani. Ke nake tambaya. Babansa fa, yaya sunansa?"

Gumi ya karyo wa Inna duk da sanyin da ke busowa daga sama. Ta ce, "'Yar nan, yaron sunan mai gidan da na zauna shekara talatin da biyu ya ci. Uban kuwa, yayan Jannatu ne."

"Wace ce Jannatu?"

"Ƙanwarsa."

Layi ya fara tsawo a bayanta, wani mai ƙaramar jaka yana ta duba agogo yana huci. Ma'aikaciyar ta daɗe tana kallon Inna, ta kalli yadda yaron ya kwantar da kai a bayanta yana wasa da ɗankunnenta. Sai ta rage murya ta ce, "Ɗan fari ne?" Inna ta sunkuyar da kai. Matar ta fashe da dariya har da dafa tebur. Ta ce, "Ni ma 'yar fari ce, Inna. Tsohuwata tana Yana, har yau 'waccan' take ce mini, ga ni da 'ya'ya huɗu. Bari in karanta, in daidai ne ki gyaɗa kai." Ta karanta sunayen biyu. Inna ta gyaɗa kai sau biyu tana kallon silin, ta karɓi takardarta ta cusa a jakar ƙuli-ƙuli, ta wuce tana sa wa tsohuwar Yana albarka.

A cikin jirgi sabuwar rigima ta tashi. Wata doguwar yarinya cikin masu kula da fasinjoji, wadda ba ta jin Hausa ko ta sannu, ta nuna mata da hannu cewa ta kwance goyo. Allah ya sa maƙwabcinta a kujera wani Alhaji ne ɗan kasuwa, cikin farar shadda sai ƙamshi yake, shi ya zama tafinta. Ya ce a cinya za ta ɗora yaron, a ɗaure shi da wani ɗan siririn bel da aka kawo. Inna ta ɗaga bel ɗin sama ta duba. Ta ce, "Alhaji, gaya mata zanen nan da majanyin nan sun goyi yara sun fi ashirin, ko ɗaya bai taɓa zamewa ba. Wannan igiyar ko ɗan akuya ba zan ɗaure da ita ba." Alhaji ya juya ya faɗa wa yarinyar kalma biyu kacal, ta yi murmushi ta ɗaure yaron. Inna ta tabbata bai isar da saƙon duka ba. Aka ce kowa ya kashe waya. Ita ba ta taɓa kashe tata ba tun da aka saya mata, sai dai in ta mutu don kanta, don haka ta miƙa wa Alhaji ya kashe.

Jirgi ya yi gudu, ya yi ƙara, ƙasa ta kuɓuce. Inna ta runtse ido ta karanto duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa da ta sa sabon tufafi. Maigida ya kama kunnuwansa biyu ya tsala ihu. A daidai lokacin nan, a ɗaya ɓangaren hanya, wata matashiya ta gyara mayafi ta sa jaririnta a nono, kamar yadda Iya Ebun ta ce ana yi. Maigida ya yi tsit. Ya zuba ido. Duk abin da aka yi wata uku ana mantar da shi ya dawo masa a lokaci guda. Ya miƙa yatsa ya ce da ƙarfi, yadda har na kujerar baya suka ji, "Nono!"

"Kul!" in ji Inna.

"Nono! Inna, nono!"

Ya fara ƙoƙarin tsallake Alhaji. Igiyar da Inna ta raina ita ta riƙe shi. Matashiyar kunya ta kama ta, ta ja mayafi har kai. Inna ta ga wahalar wata uku za ta tashi a banza tsakanin sama da ƙasa, a ce ta mayar da ɗan yaye gida yana neman nono, ta ina za ta kalli surukarta? Ta zura hannu a jaka ta zaro ƙuli-ƙuli mafi girma ta cusa masa a baki. Ya tsaya yana shawara, ido ɗaya a kan matar, ɗaya a kan Inna. Can ya fara tsotsa. Kunne ya buɗe, rai ya kwanta, ya jingina ya share hannunsa tas a jikin farar shaddar Alhaji.

Alhaji bai ma lura ba, don shi ma kunnensa ya toshe, ga ƙamshin gyaɗa ya cika wurin. Ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, wannan maganin na yara ne kaɗai?" Ta ba shi biyu. Kafin a jima na gaba sun waiwayo, na baya sun leƙo, leda ta yi ta zagaye daga hannu zuwa hannu, ba ka jin komai a tsakiyar jirgin nan sai ƙarar tauna. Da aka rabo wani ɗan kek a leda da ruwan roba, Inna ta gutsura ta ce an yi wa mai rowa, ta ajiye wa Husaina. Ita doguwar yarinyar ma ta karɓi ƙuli-ƙuli ɗaya ta shige da shi bayan labule.

Ana shirin sauka Alhaji ya ce, "Hajiya, don Allah a ɗan ƙulla mini na iyali, rabona da irin wannan tun kakata na da rai." Kan Inna ya fasu. Hannunta ya yi abin da ya saba shekara talatin, ya laluba jaka, ya samu takarda, ya naɗe guda goma da gyara biyu, ya murɗe baki. Alhaji ya yi godiya, jirgi na tsayawa ya ɗauki 'yar jakarsa ya ɓace cikin mutane.

Sai da ta sake goya Maigida, ta bi ayari, ta gane jakarta a kan abin nan mai zagayowa da kaya ta fizgo ta, sannan ta tuna waya. Wata mata ta kunna mata. Waya ta kawo haske ta ce a sa lambobin sirri. Jannatu ce ta sa su, ita kaɗai ta san su. Inna ta ce ba komai, akwai takarda. Ta laluba jaka. Ta zazzage ta a ƙasa. Ɓarɓashin ƙuli-ƙuli, carbi, kek ɗin Husaina, famfas biyu. Sai a lokacin ta ga hoton abin a idonta, manyan baƙaƙen Jannatu suna jiƙewa da mai a aljihun Alhaji.

Wani dattijon ma'aikaci mai jin Hausa ya ga tsohuwa tsugune a gaban kayanta, ya matso. Da ya ji bayani ya ce ai abu mai sauƙi ne, akwai lasifika, ta faɗi sunan wanda zai tarye ta a kira shi.

"Ka ce mijin Husaina."

"Hajiya, sunansa fa?"

"Ka faɗa haka, zai gane."

Dattijon ya girgiza kai, amma ya je ya sa aka faɗa. Mutum biyu suka zo. Na farko ya dube ta ya ce ba ita ba ce, ya koma. Na biyu ya iso a firgice yana tambaya me ya samu Husaina, shi da ya baro ta a Sakkwato da safe lafiya ƙalau. Sai da Inna ta ba shi haƙuri. Dattijon ya ce masu tarya yawanci a waje suke tsayawa, lasifika ba ta kai can, ta fita bakin ƙofa ta duba. Ya ƙara da cewa filin nan ƙofofinsa da yawa, wani ginin ma sai an shiga mota, in mutum bai ga nasa a nan ba can yake nufa.

Ta ja jaka ta fita. Zafi mai ɗanko ya rufe ta. Mutane kamar ranar kasuwa sau goma, direbobi na ta yi mata magana da yaren da ba ta ji, wani har yana kama hannun jakarta sai da ta buge shi. Maigida ya jiƙe, ya gaji, ya fara kuka mai cin rai, ƙuli-ƙuli kuma ya ƙare. Ta tsaya a jikin wani ginshiƙi tana jijjiga shi. Rabin awa ta wuce, aka doshi awa. A nan ne tsoro ya kama Inna Mas'uda, tsoro na gaske wanda ba ta ji irinsa a cikin jirgi ba. Ga ta da ɗan mutane a garin da ba ta san gabas ba, ba waya, ba takarda, kuma ta san ita ta jawo da hannunta.

Sai ta hango ƙeya. Can tsallaken titi, bayan layin motoci uku, wani mutum cikin shuɗiyar riga, waya a kunne, yana sauri yana waige-waige ta inda ba ta nan. Ko cikin mutum dubu ta san ƙeyar nan, ta shekara talatin da bakwai tana kallonta ta gefen ido. Ya nufi inda aka ajiye motoci. Ta gane ya fid da rai da wannan ƙofar, ɗaya ginin zai tafi.

"Kai!" ta ce. Mutum biyar suka juyo, ban da shi.

"Kai yaron nan!" Wani mai tura kaya ya nuna ƙirjinsa yana tambaya ko shi.

"Wancan! Mijin Husaina! Yayan Jannatu!"

Ƙarar motoci ta haɗiye duka. Ta yunƙura za ta tsallaka, wata mota ta danna mata oda ta koma da baya, ga jaka ga goyo. Ya isa wata ƙaramar mota, ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya ciki. Maigida ya ƙara sautin kuka a bayanta. Inna ta saki jaka, ta kama ƙugu da hannu biyu, ta cika ƙirji da iska, ta saki muryar da take kiran mai gawayi da ita daga ƙarshen layi.

"Najamuddini!"

Wurin ya ɗauka. Har masu gadi suka waiwayo. Shi kuwa ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a mota ɗaya a ƙasa, wayar na kunnensa. Bai juyo nan take ba. Ya san muryar, ya san sunan, amma bai taɓa jin su tare ba. Da ya juyo ya gan ta, ya bar ƙofar motar a buɗe ya keto titi, direbobi na zaginsa bai ji ba. Ya zube a gabanta a kan siminti, babban mutum da gemu, ya ma manta da gaisuwa.

"Inna, ke ce kika kira ni?"

Inna ta gyara majanyi tana kallon wani allo can gefe. "Wata mata ce. Ta wuce."

"Inna..."

"A ɗauki jakar nan, yaro ya jiƙe. Mutum ya bar tsohuwa a rana awa guda, ya zo yana tambayar banza."

Ya ɗauki jaka. Ya riƙe mata hannu suka tsallaka, ba ta ƙwace ba, wai don motocin garin ba su da tarbiyya. A mota ta zauna a baya, ta canja wa Maigida famfas, ta ɗora shi a cinya. Suka hau titi. Maigida ya sha ruwa, ya wartsake, ya leƙa ya ƙare wa direban kallo. Sai ya kama ƙugunsa da 'yan hannuwansa biyu, ya cika ƙirji, ya ƙwala.

"Najamu!"

"Innalillahi! Kul! Babanka ne!" Inna ta toshe masa baki da tafin hannu. "Ka ga irinta ko? Yaro ya ɗauki maganar matar nan."

Ta cikin yatsunta aka sake ji, a daƙile, har da jan ƙarshen yadda ta ja, "Najamuu!"

Najmuddeen ya kunna sigina ya gangara gefen titi ya tsaya, don hanyar ta daina ganuwa sosai. Ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga, yana dariya. Bai waiwayo ba ya ce, "Ƙyale shi, Inna, don Allah. Yadda kika faɗa yake faɗa."

Inna ta juya fuskarta wajen taga, tana kallon wasu masu tallan burodi kamar ta san su. Ta ja gefen mayafi ta kai ido, ta ce hayaƙin garin nan ba kyau. Sannan a hankali ta ɗauke hannunta daga bakin yaron.